Abin da Yaya Usuman Bai Faɗa Ba

Ban taɓa shiga kotu ba sai ranar Talatar nan, ni da ko ɗan sandan hanya na hango sai na sake layi.

Yayana Usuman, tela a unguwar Ammariyya nan ƙasar Larabawa, kwanansa arba'in a asibiti, inji ke yi masa numfashi. Likitoci suka ce in ana so ya ci gaba sai an huda maƙogwaronsa an sa bututu, kuma sai waliyyi ya sa hannu. Babban ɗansa Mus'ab ya ƙi. Ƙanwar Mus'ab, Wafa', ta kai ƙara a karɓe waliccin daga hannunsa. Ni aka kira shaida, domin ni na riƙe wa Yaya waya ranar da ya yi wa Mus'ab saƙon muryar da ake rigima a kansa, wata bakwai da suka wuce.

Aka kunna saƙon. Muryar Yaya ta cika ɗakin.

"Kai wannan, ka ji ni. In na kwanta kada ka wahalar da kanka. Kada a sa min inji, ku bar ni da Allah."

Tafinta ya juya wa alƙali da Larabci. Mus'ab ya share ido ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ya Shaikh. Wasiyyar ubana ce, wallahi ba zan saɓa masa ba."

Ba mugun yaro ba ne, tsakani da Allah. Matsalarsa ɗaya, cikin Larabawa ya tashi, shi ɗan fari ne bai san mene ne ɗan fari a wajen Bahaushe ba. Shekara arba'in da ɗaya Yaya bai taɓa kiran sunansa ba, ko ruwa bai taɓa roƙonsa ba. Mutumin da in ka miƙa masa shayi sai ya ƙi sau uku yana jira ka matsa, shi ne zai buɗe baki ya ce wa ɗan farinsa ka riƙe ni kada in mutu?

Aka rantsar da ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, da ya gama saƙon, sau huɗu yana tambayata ko amsa ta zo. Jira yake a ce masa a'a Baba, ba mu yarda ba. Da ta zo, 'Tamam, Baba' kawai yaron ya ce, wato shi ke nan. Yaya ya rufe keken ɗinkinsa, ranar ko abinci bai ci ba."

Alƙali ya saurari tafinta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya Hajja Bashira, ba abin da kika fahimta nake tambaya ba. Ya faɗa miki da bakinsa yana son injin?"

Wafa' ta kafe ni da ido, leɓenta na motsi, "Gwaggo, don Allah." Kalma ɗaya ce, in ce e, a huda wuyan Yaya ya ci gaba da numfashi. Amma yanzun nan na rantse da Allah. Ina tsoron wuta, ina tsoron a ce bakina ne ya kashe ɗan'uwana, na rasa wanda ya fi.

"Bai faɗa ba," na ce.

Magatakarda ya rubuta. Alƙali ya bar walicci a hannun Mus'ab, Wafa' ta fita ba ta ko kalle ni ba.

A baranda Mus'ab ya tare ni, takardar hukuncin a hannunsa, fuskarsa ta canza.

"Gwaggo, da gaske ya rufe keken? Sau huɗu ya tambaya?"

Na gyaɗa kai.

"To lesh, don me ba ki gaya min ba tun ran nan? Da na zo na durƙusa masa!"

Wata bakwai ina haɗuwa da yaron nan kowace Juma'a, muna cin abinci a tire ɗaya. Na buɗe baki in ba shi dalili, sai na ga ba ni da wani sai irin na ubansa.

"Kunyarka na ji," na ce.