Sama Ta Ƙi Tsayawa a Hannun Mai Lasifika

Tun bayan azahar Mai Lasifika ke kokawa da sama, kuma sama ce ke kayar da shi.

Ba saman Allah nake nufi ba, wadda ke cikin kwamfutar hannun da autarsa ta aiko masa. Auta tana can wata ƙasa mai nisa tana karatun taurari. Ranar da za ta tafi bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce mata karatun banza ne, mai kallon sama tuntuɓe ne rabonsa. Ta ɗauki jakarta ta tafi. Tun daga nan in ta kira waya, hira da dariya na uwarta ne, shi kuwa daga "Baba ina wuni" sai "lafiya lau". Abin yana cin ransa ƙwarai, amma girman kai ya hana shi faɗa wa kowa.

To sai ga wannan aike, da saƙo ta bakin uwar: akwai manhaja a ciki, in ka ɗaga ka nuna kowane ɓangare na sama za ta zana maka taurarin wurin da sunayensu, ko da rana tsaka ne. Kuma yau da faɗuwar rana Auta za ta kira. Nan take ya ci alwashin shi da kansa zai nemo Zara, tauraruwar nan mai haske ta yamma, ya faɗa wa 'yarsa inda take. Da wannan yake so ya buɗe ƙofar da ya rufe.

Ina! Yana ɗaga abin sai sama ta kama hajijiya. Taurari na wulwulawa kamar fanka, gabas ta koma yamma, wata ya faɗa ƙarƙashin teburin aiki ya ɓullo ta bayan ƙofa. Ya kashe ya kunna. Ya goge gilashin da gefen riga. Ya ɗan bubbuga bayanta yadda yake yi wa tsohuwar rediyo, ba ta ji ba.

Tela, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, ya leƙo da awo rataye a wuya.

"Maigida, fim ɗin me kake kallo haka?"

"Ilimi ne, ba naka ba ne."

Tela ya karanta rubutun da ya fito a ƙasan gilashin. Wai kamfas ɗin ciki, mai nuna gabas da yamma, ya rikice, a juya na'urar a iska kamar ana zana lamba takwas. Shagon Mai Lasifika na gyara ƙarami ne, lasifikoki jibge har rufi, saboda haka suka fito bakin titi. Ga Mai Lasifika, dattijo da furfurarsa, ya ware ƙafafu, yana karkaɗa hannu sama da ƙasa, ƙugu na binsa. Mai wankin mota ya ajiye soso yana masa tafi. Wata mata a motar haya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Shi kansa dariya ta ci ƙarfinsa, amma da ya duba, sama na nan tana gudunta.

"Kawo in gani," in ji Tela.

Abin haushi, tana shiga hannun Tela ta tsaya cak. Taurari suka jeru tsaf, kowace da sunanta. Ya miƙa masa, ta koma rawa. Sai ga uwar Auta ta iso da wayarta, don kiran ya same su tare. Aka ba ta, sama ta natsu. Aka mayar wa mai ita, ta birkice.

Tela ya riƙe ciki. "Kai ta tsana. Ka zage ta, ta ji."

Uwar Auta ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. "Malam, ko in riƙe maka ka karanta?"

"A'a."

Ya faɗe ta a hankali, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Wasa Tela ya yi, amma ya taɓa inda ke ciwo. In wani ya riƙe masa, me zai ce wa yarinyar? Rana kuwa ta yi ja, ta sauka bayan tankin ruwan maƙwabta.

Tela ya ga ya yi ɓaranɓarama, ya matso ya dafa shi don ya ba shi baki. Yana sunkuyowa, allurar da ya soke a bakin aljihunsa ta zare kanta, ta yi tsalle ta manne a ƙirjin Mai Lasifika.

Su ukun suka tsaya suna kallon allura.

Mai Lasifika ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro mayen ƙarfe, irin wanda yake ɓallewa daga matacciyar lasifika don ya riƙe masa ƙananan notuna. Ya laluba aljihun gefe, ga wani. Na wando, ga wani babba da notuna manne a jikinsa kamar ƙudaje. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya tsufa yana gargaɗin jama'a kada su ajiye agogo kusa da lasifika, shi ne ya wuni yana rungumar kamfas da mayen ƙarfe a ƙirji.

Dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Ya zube su duka a hannun Tela ya ce, "Tafi da su can, ƙetare titi, kada in ƙara ganinka."

Ya ɗaga na'urar. Sama ta ɗan yi lilo, sannan ta tsaya. Ya bi da ita yamma sannu a hankali har sunan ya fito. Ya sauke ta ya duba da idonsa, ga Zara can saman tankin, ita kaɗai, fes.

Wayar uwar Auta ta yi ƙara. Kafin ta kai kunne ya karɓe.

"Auta, ni ne. Na ga Zara. Tana yamma, saman tanki, ni na nemo ta da kaina."

Sannan muryarta ta zo, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron taka ƙwai.

"Sannu Baba. Akwai wata 'yar ƙarama kusa da ita, ka gan ta?"

Ya duba gilashin, ya duba sama. Tana nan kuwa, da wani dogon suna da harshensa ba zai iya ba.

"Na gan ta, amma ban san ta ba." Ya gyara murya. "Ki koya mini."

Ya ji ta ja numfashi, sai dariya da kuka suka zo mata tare. Ya jawo benci da ƙafa ya zauna a bakin shagon, ya ce ta fara daga farko, kada ta yi sauri.