Goyon Amankwa

Ranar da Serwaa ta rasu wurin haihuwa, mijinta Amankwa ya dawo ɗakin da yake haya a gidana, a unguwar Bantama, da jaririya a hannu, yana riƙe da ita kamar tiren ƙwai. Ni Maame Dufie, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, na haifi shida, amma ban taɓa jin tausayi irin na ranar ba.

A kamfanin katako yake aiki. Ya roƙi hutun jego na wata uku, suka ce na mata ne. Kai! To uwar tana ina? Ya zauna gida da 'yarsa Afrakoma, su kuwa suka kore shi.

Ni na koya masa goyo. Ya duƙa, na ɗora ta, na ja zane, zanen ya zame. Muka sake, ya sake zamewa.

"Ɗana, ƙirjin nan naka fayau yake, me zai riƙe zane?"

"To Maame, ara mini naki mana."

Na kai masa duka da ludayi. Ranar ya fara dariya tun bayan jana'iza. A ƙarshe sai a kafaɗa muka ƙulle. 'Yan unguwa suka sa masa suna Inna Amankwa, bai kula ba.

Wata lauya mai sayen dokununa, Pokuaa, ita ta ce a je kotu. Ta ce tsarin mulkin ƙasa ya hana a bambanta mutum don namiji ne ko mace, kuma jaririya ma tana da haƙƙin a kula da ita.

Shari'a ta yi ta jan ƙafa. Yau a ɗage, gobe alƙali ya yi tafiya. Amankwa ya sayar da babur ɗinsa, yana taya ni naɗe dokunu da goyo a baya. Lauyan kamfani, mai tumbin nan, ya ce hutun don jikin mai jego ya warke ne. Pokuaa ta nuna Afrakoma ta ce, "Ita kuma wannan, ta jira wa?"

Ranar hukunci alƙali ya ce a mayar da shi aikinsa, a kuma ba shi wata ukun da aka hana shi. Na rangaɗa guɗa har ɗan sanda ya harare ni. Sai dai fa a lokacin Afrakoma ta riga ta fara tafiya, tana ta tatata tsakanin kujeru.

A bakin kotu ya miƙo mini zanen, na Serwaa ne, ya duƙa in ɗora masa Afrakoma.

"Haba ɗana, ai ƙafarta ta yi ƙwari."

"Maame, wata ukun nan na uwarta ne. Ni zan goya mata su."

Hawaye suka hana ni ganin bakin zanen. Da lalube na ƙulle.