Penisilin da Jinina Ya Ƙi

Gara in faɗa da bakina: ina son a ce ina da wata lalura da ba kowa ke da ita ba. A ofishinmu na ajiyar fayiloli, shugaban sashe yana da hawan jini, don haka ba a ɗaga masa murya. Direba yana da ciwon sukari, kowa sai ya tambaye shi ko ya karya. Ni kuwa lafiya gare ni kamar jakin ɗaukar yashi. Abin da na mallaka kawai shi ne rubutun jan biro a goshin katina na asibiti: jininsa ba ya karɓar penisilin. Shekara talatin da shida ina riƙe da wannan muƙami. Ko maganin tari za a ba ni, sai na yi gyaran murya na sanar.

Sai bakin durowar ƙarfe ya karce mini ƙwauri. Cikin kwana uku wurin ya yi jawur, ya kumbura, yana sheƙi kamar an goge shi da mai. A asibiti, likitar, wata mai gilashi da na ba wa shekara ashirin, ta ga jan rubutun, ta rubuta mini wani magani daban. Sannan ta zagaye kumburin da biro a kan fatata, ta ce in ya tsallake layin in dawo.

Ya tsallake har da rara. Na koma, matata na biye da ni riƙe da takalmina na hagu, don ƙafar ta ƙi shiga.

"Baba, maganin da zai yi wa ƙafar nan aiki ɗan gidan penisilin ne," in ji likita. "In ba shi ba, sai dai mu ba ka gado, a yi ta ɗura maka wani ta jijiya kwana bakwai."

Ni da allura ba ma ga maciji.

"Me ya faru lokacin da ka sha penisilin ɗin?"

"Na kusa mutuwa."

"Ta yaya?"

A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Da na ce na kusa mutuwa, sai a ce Allah ya kiyaye gaba, a wuce.

"Ina ɗan shekara goma sha biyu," na ce. "Yayata ta ba ni magani, cikina ya ruɗe. Kwana huɗu ina sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida."

"Leɓenka ya kumbura? Jikinka ya yi ruɗu-ruɗu yana ƙaiƙayi? Numfashinka ya sarƙe?"

"Likita, wa yake da lokacin duba madubi?"

"Gudawa ce kawai, likita," matata ta sa baki. "Kuma ƙara mata kwana yake yi. Lokacin da na aure shi, yini ɗaya ce."

Likita ta gyara gilashi don ta ɓoye dariya. Ta ce borin jini na gaskiya daban yake: kumburin baki da fuska, ƙuraje masu tashi suna ƙaiƙayi, ƙirji yana fito, yawanci jim kaɗan bayan an sha, kuma ba abin wasa ba ne. Amma ɓacin ciki da tashin zuciya, wannan maganin ne ya haɗa da ƙwayoyin kirki na hanji ya share tare da miyagun. Babu daɗi, amma ba jini ne ya ƙi ba.

"Wane likita ya rubuta maka wannan a kati?"

"Ni na faɗa wa mai yankan kati."

Ta ce in kira Yaya mu ji daga bakinta. Na kira sau biyu, ba ta ɗaga ba.

Sai ta ba ni zaɓi: ko gado, ko a gwada ni nan take a gabansu. Aka kai ni wani ɗan ɗaki mai kujera biyu da agogon bango. Wata nas mai jiki ta ajiye allurar gaggawa a kan tire, daidai inda idona zai riƙa sauka. Ta ba ni penisilin ɗan kaɗan na sha, bayan rabin awa ta ba ni sauran, ta ce za ta zuba mini ido awa guda.

Ban taɓa sauraren jikina kamar ranar ba. Rabin zuciyata na roƙon kada komai ya faru, ɗaya rabin na cewa ko ɗan ƙurji ɗaya ne, don a san ba ƙarya nake ba.

"Sista, kunnena na ƙaiƙayi."

"Tun kafin ka sha kake sosa shi, Baba."

Can na ce, "Harshena kamar ya yi nauyi."

"Da ya yi nauyi da mun huta."

"Baban yara, ka bar baiwar Allah ta yi aikinta," in ji matata.

Awa ta cika, ko atishawa ban yi ba. Likita ta ɗauki baƙin biro ta ja layi biyu a kan jan rubutun, ta sa hannu da kwanan wata. Na ji kamar an yi mini ritaya ba bikin sallama. Amma a gadona na kwana, kuma a rana ta biyar ƙafa ta shiga takalmi.

Da na koma aiki na ba su labari. Direba ya dube ni da tausayi.

"To yanzu kai me ke damunka?"

"Ba komai."

"Allah sarki," ya ce.

Na lallashi kaina da cewa ai ko ba komai hanjina ya taɓa gwabzawa da penisilin, likita ma ta amince da hakan. Ina tsara yadda zan riƙa faɗarsa nan gaba, sai ga kiran Yaya, bayan mako guda.

"Auta, na ga kiranka. Lafiya?"

Na kwashe labari na ba ta tas. Sai ta ce, "Wane penisilin? Penisilin na Baba ne, na ciwon haƙorinsa. Kai kwana biyar ka yi ba ka zagaya ba, na ba ka maganin wankin ciki."