Tsumma a Kan Silinda Ta Uku

Tun kafin karusar da ke ɗauke da mutum-mutumin Waliyyi Isidro ta wuce kasuwar kifi, allurar zafin inji ta fara kwantawa dama. Perlita na zaune kusa da mahaifinta a cikin tsohuwar jif, ba ta ɗauke ido daga kanta ba.

"Tatay," ta ce da mahaifin nata, "tsaya minti goma ya huce."

"Fadan coci a gaba, Waliyyi a baya, in tsaya?" Uban, Mang Celso, bai ko dube ta ba. "Saki fuska, mutane na kallo."

Shekara hamsin da biyu ke nan gidansu, gidan Dimaculangan, ke jan karusar ranar bikin gari, da wannan jif da sojoji suka bari bayan yaƙi. Injinta irin na da ne, mai shafaffen kai, wanda ko da damina ba ya rabuwa da zafi. Bara ta mutu a hanya, kwamitin coci ya ce in ta sake, an ba gidan Ilagan masu sabuwar mota. Shi ya sa aka sauke injin aka kai wa Mang Doroy, makaniken da ya tsaya wa Perlita ranar baftisma, wanda take kira Ninong.

Shekara biyar ta yi a Manila tana karatun injiniya. Ta aro na'urar auna kaurin ƙarfe daga wurin aikinta, ta bi silinda huɗun ɗaya bayan ɗaya. Sau uku an taɓa yashe su, wato an faɗaɗa raminsu, ruwan rijiya kuma ya shekara saba'in yana cin su ta baya. Ta ce kada a ƙara faɗaɗa ramin, a sa masa rigar ƙarfe, domin bango in ya yi siriri zafi zai tsaga shi, balle a tafiyar hawainiya irin ta biki, inda iska ba ta bugun lagireto.

Mang Doroy ya ƙwanƙwasa injin da sifana, ya kara kunne.

"Kin ji? Kamar ƙararrawar coci. Ineng, 'yata, ina yashe silinda tun uwarki na wasan ƙasa. A sa manyan fistin, ya ja kamar bauna."

Masu zaman banza a garejin suka yi dariya, kamar yadda suke yi wa duk abin da ya faɗa tun shekara talatin. Ya yashe. Ya kuma cire tamostat, ɗan makullin da ke daidaita zafin ruwa, ya cilla a bola, wai nan ba ƙasar ƙanƙara ba ce. Perlita ta sayo sabo ta mayar da hannunta, da sanin mahaifinta. Iyakar abin da aka bar ta ta yi ke nan.

A gaban makarantar firamare injin ya yi tari sau biyu. Farin tururi ya turnuƙe daga salansa, ya rufe ƙafafun Waliyyi da furanninsa. 'Yan badujala suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, mai babban ƙaho ne ƙarshe.

"Mang Celso! Kofi kake dafa wa Waliyyi?" wani ya ɗaga murya.

"A sa sukari!" in ji wata.

Ba a yi minti biyar ba ɗan gidan Ilagan ya iso da motarsa, sai ka ce a bayan kwana take jira. Mang Celso da kansa ya kwance igiyar. Ayari ya wuce ya bar su, suka tura jif zuwa gida su biyu a cikin ranar Mayu.

Gida ya cika da baƙi, domin an riga an gasa alade, kuma kunya ba ta hana mutane ci. Perlita ta wuce bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, da kayan bikinta. Daɗin irin wannan inji shi ne ba ya ɓoye komai: ta warware notina, ta ɗaga kan injin kamar murfin tukunya. Ruwa kwance a silinda ta uku. Tsaga ta sauko daga sama har rabi, a daidai wurin da ta yi wa alama da alli a watan Maris. Ta sa farce, wani ɓallin ƙarfe ya fito, bai fi ɓawon ƙwai kauri ba.

Mahaifinta ya zo ya tsaya a kanta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki tsumma ya shimfiɗa a kan ramin, ya gyara gefensa.

"Tatay..."

"Na gani."

"To ka faɗa musu."

"Ninong ɗinki ne ya ɗauki akwatin gawar mahaifiyarki. Wanke hannu ki zo ki gaishe shi."

A kan tebur Mang Doroy ya riga ya yi nisa, ƙashi a hannu, maiƙo a gemu.

"Na cire tamostat ɗin nan da hannuna, yarinya ta bi bayana ta mayar. Ta toshe wa ruwa hanya! Ina ruwa zai bi? Karatun Manila, kumpare aminina, karatun Manila. Ka sayar da gona ka sayo mai kashe maka inji."

"Da ma aure aka yi mata," in ji wata goggo.

Kowa ya juyo ga Mang Celso. Ya zuba wa abokinsa giya har baki.

"Yarinta ce," ya ce. "A yi mata haƙuri."

Mang Doroy ya miƙo hannun dama, bayansa a sama, yadda manya ke yi in za a gaishe su. Perlita ta matso, ta sunkuya, ta kama hannun ta ɗora a goshinta. Kafin ta saki, ta tura ɓallin ƙarfen cikin tafinsa ta danne yatsunsa a kai.

Ya ji shi. Ta ga yatsansa na shafa kaurin, yatsan da ya shekara hamsin yana sanin ƙarfe. Murmushinsa bai motsa ba. Ya sa hannun a aljihu, ya fito da shi wayam.

"Allah ya yi miki albarka, Ineng," ya ce. Ya juya ga mahaifinta. "Kawo injin ranar Litinin. Zan ɗan ƙara yashe shi."