Farin Fuffuke da Alƙalin Ingila

Clarrie yana tsaye a ɗakin tsuntsaye da burushin haƙori a hannu, yana taje wa tsuntsunsa Janar gashin kai, sai ga matarsa Dulcie ta leƙo da kofin shayi.

"To wanzami, ango ya shirya?"

"Matsa min daga haske, ke dai. Yau ba ranar wasa ba ce."

Ba ranarsa ba ce kam. Tun da aka ce ƙungiyar masu kiwon ƙananan aku da ake kira baji ta garinsu Dubbo, a Ostareliya, ta gayyato alƙali takanas daga Ingila, Clarrie bai ƙara cin abinci a zaune ba. Ƙananan akun nan su ne 'ya'yansa, su ne jikokinsa. Shekara da shekaru yana bin kofin masu farin fuffuke, kullum shi ne na biyu, kullum a bayan Noel mai gyaran famfo. Bana kuwa tsuntsun da ya ci kofin shi zai je gasar jiha.

Abin da ake nema a nan kowa ya sani: jiki shuɗi shar, fuffuke fari fat, ko ɗigo babu. Clarrie yana da irinsa, wani ɗan firit da suke kira Tsinke. Amma ya ga hotunan zakarun Ingila. Ƙatta ne, kai kamar kabeji, fuffuke toka-toka kamar sun kwana a murhu, ga su kuma zaune kusa da kofin gasa. Sai dabara ta zo wa mutumin naku. Dokar kofin ita ce mutum ɗaya tsuntsu ɗaya, sai ya zaɓi Janar, ƙato mai dattin fuffuke.

"Tsinke fa?" in ji Dulcie.

"Bature zai kalli wannan? Ki soya shi in kina so."

"To ba ni shi, ko iska ya sha."

Ita ma 'yar ƙungiya ce, amma ta ɓangaren shayi da kek. Ta jefa shi a tsohon keji, ta ɗora shi a bayan a-kori-kura tare da farantai.

Zauren coci ya cika ya batse. Tsuntsaye na ta ƙara, maza sun fi su. Clarrie ya shiga rungume da kejinsa a lulluɓe, a ransa har ya ga inda zai ajiye kofin a kan talabijin.

"Me ka ɓoye mana, tsoho?" in ji Noel. "Kaza?"

"Ka tanadi hankici, Noel."

Ya yaye mayafin. Noel ya yaye nasa. Suka tsaya suna kallon juna. Na Noel ƙato ne, fuffuke toka-toka. Na Keith mahauci ma haka. Tebur daga wannan kai zuwa wancan ƙatta ne masu datti. Ashe kowa ya ga hotunan nan, kowa kuma ya zaci shi kaɗai Allah ya ba wayo.

"Nawa dai ya fi kai," in ji Clarrie.

Alƙali ya shigo, Mista Hargreaves, ɗan gajere, rana ta gasa masa wuya jawur, ya kuma ƙi cire kwat. Ya ɗauki 'yar sandarsa yana bin keji ɗaya-ɗaya. Ya tsaya gaban Janar. Clarrie ya kama hannun Noel ya matse bai ma sani ba. Alƙali ya wuce. Yana tafiya yana ƙara ɓata fuska.

"Jama'a, ku gafarce ni," ya ce. "Tun ina yaro ake ba mu labarin farin fuffuken Ostareliya. Mu namu ya ɓace mana garin neman girma. Na kwana na wuni a jirgi don in gani da idona, sai kuka tara min tsuntsayen garinmu. A ƙasarku kuma da ma'auninku zan yi hukunci, ba da namu ba."

Keith ya yi tari. Ba wanda ya kalli wani.

Can ƙarshen tebur, daf da tukunyar shayi, alƙali ya ja birki. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Kai! Kai, kai, kai! Ku zo ku gani! Dubi fuffuke! Kamar madara!" Har da ɗan tsalle, mutum da furfurarsa. Ya ɗauki kejin da hannu biyu ya kai shi kan gaba. "Wane gwani ne ya fitar da wannan?"

Clarrie ya ga Tsinke ne, ya buɗe baki. Sakatare ya riga shi, ya kira sunan da ke kan kejin: Dulcie.

Dulcie ta fito daga kicin tana karkaɗe garin kwakwa daga hannu. Mata suka ɗauki sowa, zaure kamar zai tsage. Noel ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa.

A hanyar gida kofin yana cinyarta, Tsinke a tsakaninsu kan kujera, Janar a baya da farantai. Sun wuce gada kafin Clarrie ya yi magana.

"Ni na haɗa uwarsa da ubansa fa."

"Kai ka ce in soya."

Rana ta faɗo kan kejin, Clarrie ya cire hularsa ya kare ta, yana tuƙi da hannu ɗaya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Gasar jihar nan," ya ce, "sai an sami mai taje masa kai."

"Ina neman wanzami, da direba," in ji Dulcie tana goge kofin da gefen rigarta. "Amma ka sayi burushinka. Na ɗazun nan nawa ne."