Kwalbar da Auta Ta Kawo

Aikin Auta shi ne ta sa wa ɓera ciwo, sannan ta gwada warkar da shi. Haka abin yake in za a faɗe shi tsirara, amma a gida ba ta taɓa faɗinsa haka ba. Cewa take tana aiki a cibiyar binciken magunguna, kuma ba ƙarya ta yi ba. Baba ne ya ɗauki maganar ya ƙara mata gishiri, har duk layin aka san 'yarsa ta ƙarshe magani take haɗawa.

Ɗakin da take wuni a ciki ba shi da taga. Kafin ta shiga sai ta sa riga mai rufe har wuya, da hula, da takunkumi, da safar hannu, duk don kada ta kai wa ɓerayen cuta, ba don kada su ba ta ba. Keji-keji ne na roba jere a kan kanta, kowane da 'yan baƙaƙen ɓeraye masu sheƙi, waɗanda tun da aka haife su ba su taɓa ganin kyanwa ba. Abincinsu kuwa na gata ne, wasu dunƙule-dunƙule masu laushi, kitse da sukari, in ka riƙe a hannu sai ya bar maka maiƙo. Wata da watanni suna ci, har su yi ɓul-ɓul, su daina lilo a murfin keji, sukari ya hau jininsu, hantarsu ta tashi daga ja ta koma fari-fari kamar sabulu. Sai sun kai haka ake fara aikin.

A raba su gida biyu. Kowace safiya Auta takan kama ɓera ta fatar wuya, ta zura masa sirinji mai dunƙulen baki har maƙogwaro, ta ɗura. Rabi ana ba su sabon maganin. Rabi kuma ana ba su ruwan da ake narka maganin a ciki, wani ruwa mai ɗan yauƙi wanda babu komai a cikinsa. Ma'aikatan ɗakin suna kiransa ruwan rakiya, masu shansa kuma 'yan rakiya, da su ake gane ko maganin ya tsinana wani abu. Dukansu ba a sauya musu abinci, domin so ake a ga ƙarfin maganin shi kaɗai.

A wannan karon maganin ya yi aiki. Da aka buɗe ɓerayen, hantar masu shan magani ta dawo ja, ta 'yan rakiya tana nan fari fat. Auta ta dawo gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan kujera, yana cin abin da ya samu a bakin hanya, yana korawa da lemon kwalba. Da ya ajiye tuƙi sai jikin ya zo karɓar hakkinsa. Likita ta ce ciwon sukari ne, kuma kitse ya lulluɓe masa hanta. Ta ba shi ƙwayoyi, ta hana shi sukari a shayi, ta hana shi soyayyen nama, ta hana shi duk abin da yake tashi da safe dominsa. Umma ce ta zama ɗan sandan gidan. Baba yakan zauna gaban dafaffen ganye yana kallonsa kamar wanda aka kawo wa sammaci.

A irin wannan zaman ne Auta ta miƙa masa wayarta, da hoton hanta biyu a jere.

"Ka gani, Baba? Wannan ta wanda ya sha magani ce. Kamar bai taɓa ciwo ba."

Baba ya matso da wayar kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Su ma an hana su kitse, irina?"

"Ina fa. Ai abincinsu yana nan yadda yake. Suna ci suna warkewa."

Baki shi ke yanka wuya. Gaskiya ta faɗa, irin gaskiyar da in ta faɗe ta a wurin aiki kowa zai gyaɗa kai ya wuce. Ba ta lura ba cewa Baba ya ture kwanon ganyen gefe.

Tun daga ranar bai bar ta ta sha ruwa ba. Ta yi masa bayani har bakinta ya bushe: ɓera ba mutum ba ne, magani da yawa ya warkar da ɓeraye ya kasa warkar da kowa, wani ma ya yi illa, sai an shekara da shekaru ana gwaji.

"Shekaru?" in ji Baba. "Wa ya faɗa miki ina da su a ajiye?"

"Baba, in na ba ka ya cutar da kai fa?"

"Ɓeran ma bai cutu ba sai ni? Faɗa min gaskiya, Auta, ɓera ya fi ni a wurinki?"

Ranar da ta ƙi a karo na ƙarshe bai yi faɗa ba. Ya dai gyara zama ya ce da Umma, ba da ita ba, "Na ɗauka na haifi mai magani, ashe mai kiwon ɓera na haifa." Ya daina fita hira ƙofar shaguna, don ya riga ya cika baki a can. Ya daina amsa gaisuwarta da tsokanar da ya saba. Wannan ya ci mata rai fiye da yadda za ta iya faɗa. Auta ce, ba ta saba da fushin uba ba.

Maganin gaskiya a kulle yake, kuma ko a buɗe yake ba za ta taɓa ba, tana da hankalinta. Ruwan rakiya kuwa yana nan a kan kanta cikin babban tulun gilashi, ba mai tambayar inda ya tafi. Me ke cikinsa? Babu komai. Ta ɗura wa ɓeraye shi har ta manta adadi, bai taɓa kashe ko ɗaya ba. Ta sami wata kwalba mai ruwan ƙasa, ta wanke ta tas, ta cika ta, ta liƙa mata farar takarda ta rubuta: cokali ɗaya da safe.

"Amma ka ci gaba da na likita, Baba."

"To, to," ya ce, irin "to" ɗin mai korar ƙuda. Da hannu biyu ya karɓi kwalbar.

Gida ya dawo daidai. Baba ya koma hira, ya koma dariya, ya raɗa mata sabon suna, likitata. Ya ce tun cokali na farko ya ji wani abu ya sauka daga hakarkarinsa. A faɗi gaskiya, Auta ta ji daɗi. Da Umma ta tare ta a kicin ta ce, "Ubanki fa ya koma zuba sukari a shayi, wai ke kika ce ana ci ana warkewa," sai ta ce za ta yi masa magana. Ta sa ranar maganar gobe, goben ta zama jibi. Da kwalbar ta ƙare, ta sake cikawa, ta kuma cikawa, tana ɗan mamakin yadda take saurin ƙarewa.

Wata safiya tana sauya shimfiɗar keji a wani sabon rukuni na ɓeraye. Ta ɗaga na 'yan rakiya ta ji shi da nauyi, dusar katakon ta jiƙe sharkaf, goran ruwansu ya kusa ƙarewa tun kafin rana ta yi. Ba ta buƙatar na'ura ta faɗa mata ma'anar wannan. Ɓeran da sukari ya yi wa yawa haka yake, ya sha ruwa ya fitar, ya sha ya fitar. Tana riƙe da kejin sai ta tuna da jug ɗin da ke gefen gadon Baba, wanda Umma take cikawa tana mita wai kamar ana zuba wa rairayi. Ta tuna ƙarar ƙofar banɗaki. Kwana nawa tana jin wannan ƙarar tana wucewa abinta?

Ita ce ta fi kowa sanin abin da ake yi wa 'yan rakiya. Ruwan ba ya cutar da su, gaskiya ne. Amma su ne waɗanda ake zuba wa ido ciwo ya ci su, don a sami abin kwatance. A wannan layin ta sa ubanta da hannunta, har da rubuta masa cokali ɗaya da safe. Kunya ta kama ta a cikin ɗakin da babu kowa sai ɓeraye.

Ta nemi izini ta koma gida da tsakar rana. Ta tarar da Baba a kujera yana nesanta wayarsa da ido yana matso da ita, wai rubutun ne ya yi hazo. Leɓensa ya bushe. Ta shiga ɗakinsa ta ja aljihun tebur, ga ƙwayoyin likita nan cikin ledarsu, ba a ɓare ko ɗaya ba.

"Tashi mu je asibiti, Baba."

"Asibitin me, ga likitata a gida?"

Da ƙyar ita da Umma suka sa shi a mota.

Likitar babbar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta duba sakamakon jinin, ta cire tabarau, ta dube shi.

"Baba, kana shan ƙwayoyin da na ba ka kuwa?"

Baba ya yi murmushin wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar, ya ajiye a kan tebur a hankali.

"Na sami wanda ya fi su. Wannan 'yata ce, a cibiyar bincike take. Ita ta haɗa."

Likitar ta ɗauki kwalbar, ta jujjuya, ta buɗe ta shinshina. Ta juyo wajen Auta.

"Mene ne a ciki?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ruwa ne."

"Ruwan me?"

"Ruwan da muke narka magani a ciki. Babu maganin. Ruwa ne kawai."

Fanka tana juyawa a sama. Likitar ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Da mai tallan magani a tasha ne ya ba shi, da na ce jahilci ne. Ke me zan ce?"

Auta ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Ba ta iya duban gefen da Baba yake ba. Ta ji shi ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Likita, ki bar yarinya. Ta ce min kada in bar naki, da bakinta ta faɗa. Ni ne na yi taurin kai."

Wannan ya fi faɗan likitar ciwo. An ɗaura masa ruwa har yamma, aka ce daga yau sai dai allura, ƙwaya ba za ta ƙara riƙe shi ba, hantar kuma ta ƙara lalacewa, sai an sake dubawa. Umma ta riga su komawa gida don ta ɗora girki.

A hanyar dawowa su biyu ne a motar. Baba yana kallon titi, hannunsa ɗaya a kan audugar da aka liƙa masa. Sai ya tambaye ta.

"Ɓerayen da kike ba ruwan nan, me ke samunsu?"

"Ciwon ne ke cin su, Baba."

"Kuma kin sani."

"Na sani."

Ya gyaɗa kai. Ta so ya zage ta, ta so ya sake kiranta mai kiwon ɓera, komai ma. Ta buɗe baki za ta roƙi gafara sai ya ɗaga hannu.

"In mun shiga layi ki tsaya a shagon tela."

"Ɗinki ka bayar?"

"A'a. Shi ma ciwon ne da shi, nasa ma ya fi nawa, ƙafafunsa har kumbura suke. Duk kwalbar da kika kawo, rabi nake tsiyaya masa. Ni na ce ya ajiye na asibiti."

Auta ta rage gudun motar. Telan nan shi ya ɗinka mata kayan makaranta tun tana firamare, har yau in ta wuce "'yata" yake ce mata. Ta gangara gefen titi ta tsaya a gaban shagon, ta kashe mota, ta fara kwance bel.

"Ni zan shiga in faɗa masa, Baba. Ni na yi."

"Zauna."

"Baba, don Allah."

"Na ce zauna. Ke ba ki ce masa komai ba. Ni na kai masa, ni na rantse masa da Allah cewa 'yata ba ta ƙarya."

Ya buɗe ƙofa, ya dafa ta ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa. Ta bi shi da ido yana taka 'yan matakalan shagon ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa a kowace. Ta cikin gilashi ta ga telan ya ɗago daga kan keke, fuskarsa ta washe da ya ga Baba, ya hango ta a mota ya ɗaga mata hannu biyu yana godiya. Sannan ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya lalubo 'yar kwalbarsa da ta ƙare, ya miƙo wa Baba.