Ragon Sunan Jikan Malami

Kwana uku ke nan ragon bai yi tuƙa ba. Malami ya tsuguna a gabansa da kwanon jiƙaƙƙen ƙanzo, yana lallashi kamar mai jinyar yaro. Ragon ya shinshina, ya kau da kai. Ciki ya kumbura, amma haƙarƙari duk a waje.

Wata shida yana kiwonsa, tun da aka ce 'yarsa Zinatu na da juna biyu a Aliero. Da bakinsa ya ce wa surukinsa kada ya wahala, ragon suna daga nan gidansa na Jega zai zo.

Kullum da hantsi yakan bi gidajen unguwa a kan keke, yana karɓar sauran tuwo da dusa. Haka ya taso ya ga mahaifiyarsa tana kiwo a Jandutsi. A wancan zamanin ba a zubar da komai. Tuwon jiya a shanya shi a kan danga, ruwan tsari na awaki ne, toka da shara jaki ya kwashe zuwa gonar albasa. Ƙosai ma a ganye ake ƙunshe shi: ka ci ƙosai, akuya ta ci ganyen.

Yanzu a leda mata ke miƙo masa. Sai ya yage ya zazzage, ya yar da ita gefen turke, yadda ake yar da ganye a da.

*

Ɗalha mahauci ya latsa cikin ragon, ya girgiza kai.

"Malami, wanga ba ya kai Juma'a."

"Haba Ɗalha, haihuwar saura mako biyu fa. Ko a ba shi kanwa?"

"Ka ba shi buhu guda in ka so. A sa wuƙa tun bai zama mushe ba."

Da aka farka tumbin, wani baƙin dunƙule ya faɗo, a murɗe kamar tsohuwar igiya. Ɗalha ya warware shi da tsinin wuƙa. Leda ce kan leda. Malami ya gane wata mai ruwan ɗorawa. Shinkafar biki ce ta zo a cikinta, ranar har ya yi murna da maiƙon.

Yana ta tunanin da wane baki zai gaya wa Zinatu.

Ɗalha ya yanki hantar, ya lalubo baƙar leda a aljihu, ya ƙulle.

"Ungo," ya ce. "Kai wa mai ciki."